Wasan Aurion da Fim Ɗin da Muke Jira

A shekarar 2016 labarai biyu suka fito game da wani ƙaramin kamfani da ke Yawunde, ɗaya na bin ɗaya. Na farko a watan Afrilu: kamfanin Kiro'o Games, wanda Olivier Madiba da abokansa suka kafa, ya saki wasan kwamfuta mai suna Aurion: Legacy of the Kori-Odan, bayan shekaru suna fama da ƙarancin kuɗi da ɗaukewar wutar lantarki. Na biyu bayan 'yan watanni: wani kamfanin fina-finai na Amurka, Good Fear, na su Chris Bender da Jake Weiner, ya karɓi haƙƙin mayar da wasan fim. Jaridu sun yi ta yayatawa, mu ma ma'aikatan rediyo muka ɗauka muka karanta da murna, domin ba kullum ake jin Hollywood ta miƙo hannu Kamaru neman labari ba. Shekaru sun shuɗe, fim bai fito ba. Ni kuwa wannan jinkiri bai dame ni ba kamar yadda wata tambaya ta dame ni: in an tashi yin fim ɗin, me za a ɗauka daga wasan, me kuma za a bari a ƙasa?

Bari in fara da bayani saboda 'yan'uwa da saninsu da gem bai wuce ƙwallon da yara ke bugawa a shagunan unguwa ba. Akwai wani nau'in wasa da aka gina a kan labari, kamar littafi. Akwai jarumi, akwai abokan gaba, akwai tafiya mai farko da ƙarshe. Bambancin shi ne kai ne ke tafiyar da jarumin da yatsunka. In ba ka danna ba, ba zai motsa ba. In ka yi sakaci, a kashe shi, ka koma baya ka sake. Irin waɗannan wasanni manyan kamfanoni na yin su da ɗaruruwan ma'aikata, amma akwai ƙananan masu cin gashin kansu, wani lokaci mutum ɗaya tak a ɗakinsa, wani lokaci mutum ashirin. Kiro'o na cikin waɗannan. Sai da suka sayar da hannun jari ga ɗaiɗaikun mutane, suka kuma yi gangamin neman gudummawa a Kickstarter a 2015, kafin aikin ya kammala.

Labarin Aurion kuwa, duk wanda ya tashi a ƙasar da ke da sarauta zai gane shi nan take. Enzo Kori-Odan yarima ne na birnin Zama. Ranar da za a naɗa shi sarki ita ce ranar aurensa da Erine Evou. A wannan rana ɗan'uwan amaryar, Ngarba Evou, ya yi masa juyin mulki. Ango da amarya suka tsinci kansu a gudun hijira, suna bi ƙasa ƙasa suna neman magoya baya, shi kuma Enzo yana tattara gadon kakanninsa, wato wani ƙarfi da ake kira Aurion wanda ke haɗa mayaƙi da waɗanda suka gabace shi. A fagen faɗa kai ne Enzo, Erine kuma tana tare da kai, kana kiranta ta warkar maka da rauni ko ta kawo maka ɗauki.

In ka karanta wannan taƙaitawa za ka ce ai fim ya gama haɗuwa, saura a kunna kyamara. A nan ne nake ganin tarkon yake. Abin da na taƙaita a sama shi ne kashi mafi arha a cikin wasan. Labarin sarkin da aka tuɓe ya tafi ya dawo ya fi a ƙirga, kakanninmu ma sun ba mu irinsa a dandali. Abin da ya sa wanda ya buga Aurion yake jin Enzo a jikinsa shi ne wahalar da suka sha tare. Na buga wasan a kwamfutar aro, dare bayan dare, kuma akwai abokin gabar da ya kayar da ni har na daina ƙirgawa. Ranar da na ci shi ban ce "Enzo ya yi nasara" ba, cewa na yi "na gama da shi". Wannan "na" ɗin ita ce jarin wasa gaba ɗaya. Mai kallon fim yana zaune ne hannunsa a cinya ko cikin ledar gyaɗa. Ko ya yi barci jarumi zai ci yaƙinsa. To, duk daraktan da ya karɓe madannai daga hannun mutum, bashi ne ya ɗauka, dole ya biya shi da wani abu daban.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne wajen sauya wa labari mazauni. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama fim a hannun Adamu Halilu a 1976. In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya tashi daga takarda ya koma kaset ɗin bidiyo a farkon tasowar fina-finan Kano. Kuma kowa ya san ƙorafin da ke biyo baya: an yanke wuri kaza, jarumar ba ta kai yadda na zana ta a raina ba. Amma mai karatu da mai kallo duk 'yan kallo ne, ɗaya da idon zuci, ɗaya da idon fuska. Ɗan wasa shi yana cikin fage. Saboda haka ratar da ke tsakanin wasa da fim ta fi wadda ke tsakanin littafi da fim faɗi nesa ba kusa ba.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai daga Taiwan ya fito. A 2017 wani ƙaramin kamfani, Red Candle Games, ya saki wasa mai suna Detention. Labarin yana faruwa a wata makarantar sakandare a shekarun 1960, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin dokar soja wadda ta ɗauke su daga 1949 har 1987. Wasu malamai da ɗalibai suna da ƙungiyar ɓoye ta karanta littattafan da gwamnati ta haramta. Wani ya kai sunayensu, aka kama su, aka kashe wasu. Kai ɗan wasa kana tafiyar da wata ɗaliba, Fang Ray-shin, cikin makarantar da ta koma kango mai fatalwa, kana tsintar takardu kana haɗa zare. Sai can ka gano cewa yarinyar nan da ka yi sa'o'i kana karewa, wadda kake danna madanni ta riƙe numfashi don kada fatalwa ta ji ta, ita ce ta kai rahoton, saboda kishi. Nauyin yana faɗo maka ne domin da hannunka ka kawo ta wurin.

Da John Hsu ya mayar da shi fim a 2019, ya san ba zai iya sa mai kallo ya riƙe numfashi da yatsa ba, bai kuma ɓata lokaci yana gwadawa ba. Sai ya buɗe ƙofar da wasan ya bari a sakaye. Ya nuna mana 'yan ƙungiyar karatun da ransu, suna kwafar littafi da hannu, suna dariya, suna tsoro. Ya faɗaɗa rawar ɗalibin nan Wei, wanda a wasan ɗan lokaci kaɗan ake riƙe shi, ya mayar da shi wanda ya rayu don ya ba da shaida. Wasan ya sa ka ɗanɗani laifin mai tsegumi, fim ɗin ya sa ka san mutanen da tsegumin ya cinye. Ya biya bashinsa ke nan. Fim ɗin ya samu kyaututtuka biyar a bikin Golden Horse, har da ta rubutun da aka ɗauko daga wani aiki. Ban ce ba shi da aibi ba. Dodannin da aka zana da kwamfuta sun yi yawa, a wasu wurare ma sun rage tsoron maimakon su ƙara. Amma ƙashin bayan aikin daidai yake.

Ni ɗan Tcholliré ne, kuma ba zan iya kallon wannan fim kamar labarin wata duniya ba. Sunan garinmu ya shiga tarihin Kamaru ta hanyar gidan da aka kira cibiyar gyaran halin ɗan ƙasa, inda aka tsare 'yan siyasa a zamanin Ahmadu Ahidjo. Mutanen da aka kawo nan daga kudu da arewa, da yawansu maganar wani ce ta kawo su. Matasa 'yan tsiraru a Taiwan sun ɗauki irin wannan tabo nasu sun yi wasa da shi, wasan ya haifi fim, fim ɗin ya sa jikoki suka koma suna tambayar kakanni. Wannan dai a gefe na faɗe shi, amma ina so marubutanmu su riƙe.

Akwai kuma Papers, Please na Lucas Pope, wanda ya fito a 2013. A ciki kai jami'in kan iyaka ne na wata ƙasar ƙirƙira, Arstotzka. Aikinka duba fasfo da buga hatimi. Ana biyanka gwargwadon yawan mutanen da ka sallama, in ka yi kuskure a ci ka tara, a gida kuma iyali na jiran abinci da magani. Sai ga mace ta zo takardarta ba ta cika ba, mijinta ya riga ya wuce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shingen kan hanya da katin shaida a hannu ya san ɓangare ɗaya na wannan taga. Wasan yana zaunar da kai a ɗaya ɓangaren, ya bar ka da zuciyarka. A 2018 wasu 'yan Rasha, Nikita Ordynskiy da Liliya Tkach, suka yi masa fim na kimanin minti goma kacal. Hikimarsu ita ce gajartawar. Gajiyar buga hatimi sau ɗari ba ta kalluwa, don haka suka zaɓi fuskoki kaɗan, suka tsayar da kyamara a kan idon jami'in da hannunsa yayin da yake shawagi tsakanin hatimi biyu. Da sun ja shi sa'a biyu da ya mutu a hannunsu.

Wani zai ce ai Five Nights at Freddy's na Scott Cawthon ya zama fim a 2023, an kashe dala miliyan 20, ya tara kusan miliyan 300, ba tare da wannan dogon tunani ba. Gaskiya ne. Amma wannan fim miliyoyin yaran da suka riga suka haddace wasan ne suka cika masa sinima, sun je gaisawa da abin da suka sani. Aurion ba shi da wannan runduna. Fim ɗinsa zai tsaya ne da ƙafarsa ko ya faɗi.

To mu dawo gida. Hanya mafi sauƙi ga Hollywood ita ce ta ɗauki Enzo, ta ba shi ƙirji da takobi, ta cika allo da wuta da tsalle-tsalle, a ƙare da dawowarsa Zama. Wannan hanya an riga an bi ta. A 2018 Black Panther ya fito: sarkin wata ƙasar Afirka ta ƙirƙira, ɗan'uwa ya tuɓe shi, ya je ya gana da kakanni, ya dawo ya karɓi gadonsa. Ya tara sama da dala biliyan 1.3. Duk da cewa wasan Aurion ya riga wannan fim fitowa da kusan shekara biyu, in aka yi shi a wannan siga duniya za ta ce kwaikwayo ne, kuma kwaikwayo mai ƙaramin jari. Kura ta riga ta sha ruwa a wannan rafi.

Abin da Aurion yake da shi wanda wancan ba shi da shi, Erine ce. A wasan, saboda yatsunka suna kan Enzo, ita mataimakiya ce, kana kiranta lokacin buƙata. Amma ku dubi matsayinta da idon wanda ya san zaman gidan Hausa ko na Fulani. Mijinta na kwana ɗaya a gefe, ɗan'uwanta na jini a gefe. In Enzo ya ci, an zubar da jinin gidansu. In Ngarba ya ci, ta zama bazawara tun lalle bai goge ba. Duk inda suka sauka neman taimako, sunan gidan da ya yi juyin mulkin ne a bayan sunanta, kuma dole wani ya yi raɗa cewa da saninta aka yi. Ɗan wasa ba ya samun sukunin zama da wannan, yana can yana kare kansa daga sara. Mai kallo kuwa ba abin da yake da shi sai sukuni. Kyamara ta fi madanni iya tsayawa a kan fuskar macen da ake yabon mijinta da zagin ɗan'uwanta a zama ɗaya, ita kuma kunya ta hana ta buɗe baki. Da ni ake shawara, da na ce a ba Erine fim ɗin. A bar mu mu ga Enzo ta idonta, yaro mai zafin kai da yake ɗauka sarauta kujera ce da aka ƙwace masa, har tafiya ta koya masa cewa mutane ce. Wanda ya buga wasan zai samu abin da bai samu ba a can, wanda bai buga ba kuma ba zai ji an bar shi a baya ba.

Sai batun gadon kakanni, wanda shi ne sunan wasan ma. A kwamfuta abin a fili yake: ka tara wani sabon ƙarfi, ka haɗa wannan da wancan, dukanka ya ƙara nauyi, kana ji a hannunka. A fim in aka ce za a nuna shi da haske mai launi yana fita daga jikin jarumi, an koma zanen yara. Ga shi kuma masu kallo a nan arewa, waɗanda da yawansu Musulmi ne, za su yi ta gyara zama in aka nuna mutum yana neman ƙarfi wurin matattu kai tsaye. Alhali muna da hanyar da muka saba ganin wannan abu da idonmu. Ku je hawan salla a Garwa ko a Rey Bouba, masarautar da Buba Njidda ya kafa tun farkon ƙarni na 19. Ku dubi mahayi lokacin da maroƙi ya tsaya a gabansa yana jero masa iyaye da kakanni, wane ɗan wane, wanda ya yi kaza a wuri kaza, algaita na tashi. Za ku ga zamansa a kan sirdi ya sauya, wuyansa ya miƙe, dokin ma ya san an taɓa wani abu. Aurion ke nan, ba tare da ko ɗigon aikin kwamfuta ba. Kuma maroƙin nan yana iya tuna wa Enzo abin kunyar kakanninsa kamar yadda yake tuna masa bajintarsu, domin gado ba ya zuwa a tace. Marubucin da ke zaune a Los Angeles ba zai kawo wannan ba, sai an kai masa.

Haka ma juyin mulkin kansa. Wanda ya san fada ya san ba da ihu ake fara irin wannan ba. Ana farawa ne da wanda bai zo gaisuwa ba, da dogarin da aka sauya wa ƙofa, da goron da aka aika aka dawo da shi. Minti goma sha biyar na farkon fim ɗin, in aka ba su ga shirin biki da waɗannan ƙananan alamu, mai kallo zai riga Enzo ganin abin da ke tafe, ya yi ta jin kamar ya yi masa tsawa. Wannan jin, na sanin abu da kasa hana shi, shi ne abin da fim ke iya bayarwa a madadin madannai.

Kada a ce ina fifita wasan fiye da kima. Aurion yana da surutu. Haruffansa suna tsayawa su yi ta zuba falsafa a kan mulki da ƙaddara, rubutu na bin rubutu a ƙasan allo, har yatsa ya gaji da dannawa. A wasa ana yafe wannan domin hutu ne tsakanin faɗa da faɗa. A fim kisa ne. Kashi mai yawa na wannan magana dole ya tafi, a bar abin da hali da aiki za su nuna. Ƙasashen da ake ratsawa ma sun yi wa sa'a biyu yawa. Biyu ko uku sun isa, in an zauna a cikinsu sosai.

Me ya sa duk wannan ya shafe mu, mu da ke Mayo-Rey? Domin a nan mutum nawa ne za su taɓa buga Aurion? Sai kana da kwamfuta mai ɗan ƙarfi, da intanet da za ta sauke shi, da katin banki da Steam za ta karɓa, da wutar da za ta zauna, sannan ka iya Faransanci ko Turanci. Ga mafi yawan masu saurarena, in fim ya fito, shi ne Aurion ɗin, babu wani. Kuma ba a sinima za su gan shi ba. Ribadou ta Garwa ta daɗe da rufewa, manyan gidajen sinima na ƙarshe a Yawunde da Duwala da Bafusam sun rufe a 2009, waɗanda CanalOlympia ta buɗe daga baya kuma suna can kudu. A waya za a kalle shi, an tura daga shagon masu turi, wataƙila da muryar mai fassara a kai kamar yadda ake yi wa fina-finan Indiya. Fim ɗin da ƙarfinsa ke cikin fashe-fashe da walƙiya zai ƙanƙance a allon da bai wuce tafin hannu ba. Wanda ƙarfinsa ke cikin fuska da magana zai isa da ransa.

Game da jinkirin kuwa, haka wannan kasuwa take. Kamfani yakan biya wani abu ya riƙe haƙƙin labari na wani lokaci, yana neman marubuci da darakta da mai zuba kuɗi, kuma mafi yawan abin da aka riƙe haka ba ya kaiwa gaban kyamara. Wasan Firewatch na kamfanin Campo Santo, wanda shi ma a 2016 ya fito kuma aka sanar da fim ɗinsa a shekarar, yana cikin wannan layi, ga shi kuwa a Amurka aka haife shi. Su Madiba dai ba su naɗe hannu ba, sun fitar da labarin Aurion a littafin zane, sun kuma yi wani wasan waya, Le Responsable Mboa, mai yi wa rayuwar ma'aikacin gwamnati shaguɓe.

Tunda rediyo ce sana'ata, ba zan ɓoye inda zuciyata ta karkata ba. Kafin fim, da izinin masu shi, Aurion zai yi kyau a wasan kwaikwayo na rediyo, kashi-kashi, da Hausa da Fulatanci. Dalilina ba son kai kaɗai ba ne. Abu biyu da fim ke ƙwacewa daga ɗan wasa, wato tsawon zama da jarumi da kuma sa hannu a aikin, rediyo tana mayar da kaso mai kyau daga cikinsu. Wanda ya bi Enzo da Erine mako talatin ya yi hijirar tare da su. Kuma tunda ba ya ganin komai, shi ne zai gina Zama a kansa, ya ɗinka wa Ngarba riga, ya zaɓa wa Erine fuska. Na ga yadda masu sauraro ke kiran waya bayan shiri suna faɗa da wani hali kamar maƙwabcinsu ne, wata ta ce a gaya wa wance kada ta koma gidan nan. Kuɗin da za a kashe bai kai na tufafin jarumi ɗaya a Hollywood ba: 'yan wasa shida ko bakwai, maroƙi na gaske, mai algaita, da ɗakin ɗaukar murya wanda janaretonsa ke aiki. Daga kiran da za a yi ta yi bayan kowane kashi, mai rubuta fim ɗin zai san wurin da mutane suka riƙe numfashi da wurin da suka tashi ɗora tukunya.